Tafkin Leda

Ni na yanke hannun tsohuwar daga cikin fim ɗin. Da kwamfutata na yi, a shagona, da rana tsaka, ko minti ashirin ban cika ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ɗauka mutumin kirki ne ke ba da labarin nan.

Gyaran waya nake yi. Shagona a jikin wani gida yake, ƙofarsa na kallon titi, wata 'yar taga ta baya kuma na kallon tsakar gidan. Mai gidan, wanda nake haya a wurinsa, kowa Sakatare yake ce masa, don shi ne sakataren ƙungiyar taimakon marasa ƙarfi ta unguwarmu. Mutum ne mai farin kaya da biro uku a aljihu. In ya buɗe baki a kan tausayi, wallahi sai ka ji kamar ka tuɓe rigarka ka bayar. Matarsa Maman 'Yan Biyu, ita kullum tana duƙe a bakin baho. Suna da babbar 'ya mai shekara goma, ni na laƙaba mata 'Yar Laka, don ban taɓa ganin farcenta babu laka ba. Sai Kaka, mahaifiyar Sakatare, wadda ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ta tafi tare da shi. Ita a sito aka ajiye ta, can ƙuryar gida, tsakanin buhun gawayi da wani tsohon keke.

Akwai wata tsohuwar waya da mai ita ya bari a shagona ya fi shekara bai waiwaye ta ba. Ba ta kira, ba ta karɓar saƙo, kyamara ce kawai ke aiki. Na ba yarinyar, na koya mata wasan da yara ke yi yanzu. Ka gina ɗan jaki da laka, ka kafe waya wuri guda, ka ɗauki hoto. Ka matsa ƙafar jakin kaɗan, kamar faɗin ƙwayar shinkafa, ka sake ɗauka. Hoto goma sha biyu ne ke ba da daƙiƙa ɗaya. In aka jera su suka gudu a kwamfuta, sai ka ga jaki yana tafiya abinsa.

"Sharaɗi ɗaya ne," na ce mata. "Duk abin da ba jaki ba, kada ya motsa. Wayar kada ta motsa, abin da ke bayan jakin ma kada ya motsa."

"Kawu, ai gidanmu komai motsi yake. 'Yan biyu sau biyu suna cinye masa kunne."

"To nemi inda ba mai shiga."

Ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Ɗakin Kaka."

Na yi dariya a lokacin. Allah ya sani, dariya na yi.

Bayan mako biyu ta kawo min hotunan farko, na jera mata su. Ga jaki, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yana takawa a kan yashi. Can gabansa ga tafki, wato murfin gwangwanin madara da ta binne a yashin ta zuba ruwa, ta kafa masa ciyayi a gefe. Aikin ya yi kyau, har na tafa mata. Amma abu ɗaya ya tsaya min a ido.

"Ranki ya daɗe, mai fim, kin yi kuskure. Tafkinki ya cika, ya ƙafe, ya sake cika, ya sake ƙafewa, jaki ko rabin hanya bai kai ba. Wa ke shanyewa?"

Ta leƙa ƙofa, ta leƙa taga, ta matso kusa da kunnena.

"Kaka ce."

Nan na ji abin da ke faruwa a bayan bangon da nake jingina da shi kullum. Rabin kofi ake ba Kaka da safe, rabi da yamma, shi ke nan. In ta sha fiye da haka tana jiƙa katifa. Kofin a kan taga ake ɗora shi, inda hannunta mai lafiya ba ya kaiwa. In yarinyar za ta shiga ɗakin sai uwar ta duba hannunta. Amma ruwan tafki ruwan fim ne, ba wanda ya tanka masa.

"Jiya murfi shida na ba ta," ta ce, tana murna. "In na kai mata baki har murfin take lasa."

Murfi shida, jama'a, ko rabin kofi bai kai ba. Kuma lokacin zafi ne, irin wanda in ka bar waya a kan benci sai ta kashe kanta. Tun daga ranar na gane wata ƙara da na daɗe ina ji ban kula ba: ƙwan, ƙwan, ƙwan, daga ƙuryar gida, musamman da azahar. Kaka ce ke buga cokali a jikin ƙarfen keken nan. Ba ta da baki, da haka take roƙon ruwa.

Ba a yi kwana uku ba asiri ya tonu. Ina ɗinke wayar caja na ji ihu, na leƙa ta taga. Maman 'Yan Biyu ta riƙo yarinyar a kunne, ta jawo ta har gaban igiyar shanya, inda zanin gado uku ke ɗiga.

"Duba! Buɗe ido ki duba aikinki! Ke za ki wanke? Dubi hannuna, duk ya tsage da sabulu. In wanke na 'yan biyu, in wanke na ubanki, in wanke na tsohuwa, ni jaka ce?"

"Mama, ƙishirwa take ji."

"Ta faɗa miki? Da wane bakin?"

Ta cire silifas ta shiga zuba mata, a baya, a cinya, duk inda ya samu. Yarinyar ba ta gudu ba, laka kawai ta ƙanƙame a ƙirji kada jakinta ya karye. Da uwar ta gaji, sai ta ɗauko wata shuɗiyar leda, ta yanko da almakashi daidai faɗin murfin, ta shimfiɗa a ciki.

"Ga tafki nan. Ya fi na ruwa ma sheƙi. Ai a fim ba sha ake yi ba."

Na turo kai ta taga na ce, "Maman 'Yan Biyu, a yi haƙuri. Ruwa ne fa."

Ta juyo ta kalle ni sama da ƙasa. "Injiniya, in tausayin ya hana ka sukuni, ga baho, ga sabulu. Bismillah."

Na janye kaina na koma kan waya. Ban ɗauki bahon ba. Wannan ma a rubuta min shi.

Da yamma Sakatare ya dawo, ya zauna a bencina kamar yadda ya saba, yana shan iska. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce masa kamar ruwan da ake ba Kaka bai ishe ta ba.

Ya yi murmushin nan nasa na taron ƙungiya. "Injiniya ke nan. Kai likitan waya ne, jikin ɗan Adam daban yake. Likita ne ya ce a rage wa Inna ruwa, saboda kumburin ƙafa."

"Wane likitan, Sakatare? Ban ga an fita da ita ba tun da ta kwanta."

Ya ɗaga kai ya ƙare wa ƙofar shagona kallo, ya ƙwanƙwasa katakon da yatsa. Ya ce wani mai sayar da lemo ya zo masa sau biyu a kan shagon nan, har da firijinsa ya saya. "Na ce masa a'a, Injiniya ɗan'uwa ne, ba ruwansa da shiga abin da ba a saka shi ba." Ya tashi ya kaɗe rigarsa. 'Ya'yana huɗu, da shagon nan nake ciyar da su, kuma ya fi kowa sani.

Mutum ɗaya Sakatare ke tsoro a duniya: yayarsa, wadda yaran ke kira Goggo. Tana aiki a nesa, tafiyar kwana biyu a mota. Duk Lahadi da rana akan kira ta a bidiyo don ta ga mahaifiyarta, kuma da yake wayar Sakatare na yawan yankewa, ni ake kira in riƙe tawa. Don haka da idona na ga wasan kwaikwayon.

Tun hantsi ake wanke Kaka, a ɗaura mata sabon zani da ɗankwali, a shafe leɓenta da mai don kada tsagewar ta fito. A ɗauko ta niƙi-niƙi a jingina ta a kujerar falo. A ɗauko jug na gilashi cike da ruwan sanyi, yana gumi, a ajiye a tebur ta ɓangaren hannun da ya mutu. Sannan a kira.

"Inna! Inna, ni ce. Kalle ni mana."

Kaka ba ta kalli waya ba. Idonta na kan jug, maƙogwaronta na hawa da sauka.

"Yaya, kin san Inna da kunya," in ji Sakatare. "Yanzu ta gama cin abinci, kasala ce."

"Ta rame fa."

"Ciwon ne haka. Amma ba abin da ta nema ta rasa. Ga ruwanta nan ma a gefe, kin gani."

"Allah ya saka muku da alheri, ku ne kuke wahala da ita. Ina 'yata mai fim?"

Aka turo 'Yar Laka gaban waya, hannun uwar na kan kafaɗarta, na ga yatsun sun nutse cikin rigar. Yarinyar ta gaishe da Goggo, ba ta ƙara ko kalma ba.

"An ce kina sa jaki tafiya! In kin gama a turo min in gani."

"Za a turo, Yaya," Sakatare ya karɓe. "Gasar makarantarsu ma za a kai shi. Ai ni ta gado."

Na ga yarinyar ta ɗago kai da sauri ta kalli uban. Ana kashe waya, Maman 'Yan Biyu ta ɗauke jug ta mayar firiji, aka cire sabon zanin aka ninke, aka mayar da Kaka sito.

Kwana goma sha ɗaya yarinyar ta yi tana ɗaukar sauran fim ɗin. Da ta dawo daga makaranta sai ɗakin Kaka. Uwar kuma ta dasa kujera a bakin ƙofar siton tana ba 'yan biyu nono, idonta a kanta, don kada a sake shigo da ko ɗigo. Ranar sha biyu ta kawo min waya. Hoto dubu ɗaya da ɗari uku da wani abu. Na jera, na danna.

Ashe ta karkata wayar lokacin da take ɗaukar hotunan. A da jaki ne a tsakiya, bango a bayansa. Yanzu jakin ya koma can gefen hagu, ɗan mitsitsi, rabin hoton kuwa katifar Kaka ce, da fuskarta, da hannunta na hagu. Jaki na tafiya, hannun ma na tafiya. Abin da tsohuwar ta ɗauki awa guda tana yi, a fim daƙiƙa huɗu ne: hannun ya sauko daga katifa, ya rarrafo a kan yashi da yatsu, ya ture ciyayi, ya kai bakin tafki. Ya ɗauko ledar. Ya kai baki. Tana tsotsa, tana tsotsa, ido rufe. Sai hoto ya canza, an mayar da leda, wata rana ce, hannun ya sake tasowa. Sau goma sha ɗaya. Kuma kowace rana fuskar na ƙara shiga ciki, leɓen na ƙara fashewa, hannun na ƙara jinkiri. A rana ta ƙarshe bai kai tafkin ba, a rabin yashi ya tsaya.

Abin da ya fito daga bakina shirme ne. Na ce, "Kin karya sharaɗi."

"Da gangan ne, Kawu."

"Mamanki ta ga tana tsotsar ledar?"

"Ta gani. Cewa ta yi in bar ta, ai leda ba ta jiƙa katifa." Ta kama hannun rigata. "Kawu, don Allah kada ka taɓa wajen nan. Baba ya ce zai tura wa Goggo. Ba ya kallon abina, ko na nuna masa sai ya ce anjima. In Goggo ta gani za ta zo, ko?"

"Za ta zo."

"Ka rantse ba za ka taɓa ba."

Na rantse. Yarinya mai shekara goma ta zauna ita kaɗai ta ƙulla abin da mu manya muka kasa, da laka da tsohuwar waya, abu ɗaya kawai ta nema a wurina, kuma na ɗaga hannu na rantse mata.

Washegari da rana tsaka, tana makaranta, Sakatare ya shigo karɓar fim. Na yi sauri zan tura masa a waya. Ya ce a'a, a kunna masa a babban gilashin kwamfuta, yana so ya san abin da zai faɗa in shugaban makaranta ya tambaye shi. Ka ji dalilin da ya sa ya kalli aikin 'yarsa karon farko a rayuwarsa.

Ya kalla a tsaye. Da hannun ya ɗauko leda, sai na ji ya ce, "Inna," can ƙasa-ƙasa, irin muryar ƙaramin yaro. Ya zauna a benci. Idonsa ya kawo ruwa, da gaske, ban yi masa ƙarya ba. Zuciyata ta ce alhamdu lillahi, an gama, yanzu zai ruga ciki da jug. Ya ciro hankici ya share fuska, ya ninke, ya mayar aljihu.

"Ana iya cire wannan ɓangaren?"

"Sakatare..."

"Tambayarka na yi. Ana iyawa?"

"Ana iyawa. Amma yarinyar..."

"Yarinya me ta sani? Yayata tana da hawan jini, kana so ta ga wannan ta faɗi? Ka ɗauki alhakinta? Sannan a makaranta, gaban iyayen yara, gaban 'yan ƙungiya. Mutane ba sa fahimta, Injiniya. Ba su san abin da matata ke sha ba. Kowa a bakinsa jinya sauƙi gare ta." Ya dafa kafaɗata. "Na yi maka alkawari, daga yau ni da hannuna zan riƙa ba Inna ruwa. Magana ta ƙare a cikin gida, ba sai an tona wa juna asiri ba."

Alkawarin nan na cafke da hannu biyu, don shi nake nema. Na ce wa kaina ai buƙata ta biya, ruwa ake so kuma za a bayar. Na ja layi a tsakiyar hoton, na yar da ɓangaren dama, na faɗaɗa na hagu har jaki ya cika gilashi. Inda yatsu suka shigo bakin tafki, na goge hotunan ɗaya bayan ɗaya. Har kiɗa na saka masa, wani mai daɗi, ba wanda ya roƙe ni. Sakatare ya tura wa yayarsa nan take, ya karɓi tsohuwar wayar yarinyar ya goge duk abin da ke ciki. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo, Goggo tana ta ƙyalƙyala dariya: "Kai, jakin nan da kunne! Ku ce mata Allah ya yi albarka."

Ainihin fim ɗin yana nan a kwamfutata, Sakatare bai san an bar kwafi ba. Lambar Goggo kuma tana cikin wayata, ni nake kiran ta duk Lahadi. Danna biyu ne tsakanina da ita. A riƙe wannan ma.

Ranar farko na leƙa ta taga na ga Sakatare ya shiga sito da kofi. Rana ta biyu ya tafi taron ƙungiya na kwana uku. Maman 'Yan Biyu ta ce tunda fim ya ƙare, ba abin da yarinya za ta shiga yi, ta saka wa siton kwaɗo, mabuɗin a bakin zaninta.

'Yar Laka kuwa ta koma zaman bencina. Da ta ajiye jakar makaranta sai ta zo ta zauna tana kallon titi. Ta cika wata kwalba da ruwa ta ɓoye a ƙarƙashin bencin, wai da Goggo ta iso ta sa a buɗe ƙofa, ita za ta fara shiga. Duk motar da ta tsaya sai ta miƙe tsaye.

"Kawu, Baba ya tura?"

"Ya tura."

"Tafiyar kwana nawa ce?"

"Biyu."

"Yau huɗu."

"Wataƙila ba su ba ta hutu a wurin aiki ba."

"Amma ta gani ko?"

"Ta gani," na ce, na sunkuya kan wata waya da ba abin da ya same ta.

Kullum da safe sai in ce yau zan tura. In buɗe lambar, in kalle ta, wani ya shigo da fasasshen gilashi, in ce bari in sallame shi. In ce bari Sakatare ya dawo, ƙila ya cika alkawari. Ya dawo, na tare shi, ya ce, "Ana kai, Injiniya, ana kai," ya wuce. Lahadi ta zo, ba a kira ni ba, aka gaya wa Goggo Inna na barci kuma waya na yankewa. Ƙarar cokali a jikin keke da a da nake ji tun azahar har la'asar, ta koma sau biyar, ta koma sau biyu. Rana ta shida na kashe rediyo na kasa kunne har yamma, ban ji komai ba. Ka san abin da na gaya wa kaina? Wai ƙila ta ƙoshi ne.

Rana ta takwas da hantsi Maman 'Yan Biyu ta ƙwalla ƙara. Ta yi kuka har da birgima a tsakar gida, mata suna riƙe ta suna cewa ta yi haƙuri, ta yi iya ƙoƙarinta, ba kowace suruka za ta iya ba. Ina kallo ta taga aka shiga da bokiti huɗu cike da ruwa don a wanke gawar.

Goggo ta iso bayan kwana biyu, ba ta tarar da ko fuskar uwarta ba. Sakatare na ƙofar gida cikin 'yan ƙungiya yana ba da labarin jinya, yadda ba su bar ta ta nemi komai ta rasa ba, mutane na gyaɗa kai. Ni kuma na shiga ciki in yi wa Goggo gaisuwa. Tana zaune a tabarma cikin mata, ido ya kumbura. Na durƙusa ke nan, sai ga 'Yar Laka ta ratso mutane ta tsaya a gabanta.

"Goggo, me ya sa ba ki zo ba?"

"Ga ni na zo, 'yata."

"Ai kin ga fim ɗin."

"Na gani. Sau goma na kalla, har abokan aikina na nuna wa."

"To ba ki ga hannun Kaka ba?"

"Wane hannu?"

Maman 'Yan Biyu ta taso tana cewa yarinyar ba ta cikin hayyacinta tun rasuwar. Goggo ta ɗaga mata hannu, ta ciro waya ta kunna, ta miƙa wa yarinyar. Kiɗan nan nawa ya tashi a tsakiyar gidan makoki. Jaki ya taka, ya taka, ya isa tafki mai sheƙi, ya sunkuya ya sha. Yarinyar ta kalla har ƙarshe. Ta mayar farko ta sake kallo, tana taɓa gefen dama na gilashin da yatsa kamar za ta jawo wani abu. Sannan ta juyo ta kalle ni. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi.

Na tashi na je shago, na kwafo ainihin fim ɗin, na dawo na damƙa wa Goggo a gaban kowa. Kada wanda ya yaba min. Danna biyun da na kasa yi kwana takwas, na yi shi cikin minti ɗaya bayan an rufe kabari. Goggo ta kalla, ta kurma ihun da har titi aka ji, ta shaƙe wuyan farar rigar ƙanenta sai da maza suka ɓamɓare ta.

Kuma me ya biyo baya? Sakatare ya zagaya unguwa yana cewa haɗin kwamfuta ne, wai na ji zai karɓi shagonsa shi ya sa na ƙulla masa sharri. Ya ce wanda ya iya cire hannu daga hoto ai ya iya sakawa. Mutane da yawa suka yarda, don yarda da shi ya fi sauƙi. Har yau shi ne sakatare, biro uku na nan a aljihu. Maman 'Yan Biyu ta wanke siton tas, ta zuba kaji a ciki, kuma kullum da safe tana canza musu ruwa. Fim ɗin da na yanke ya zo na biyu a gasar makaranta, uban ne ya je ya karɓo takardar yabo, ya rataye a falo. Shagon da na sayar da rantsuwata don in tsira da shi, wata bai ƙare ba aka ba mai lemo.

Ranar da nake kwashe kayana, na ɗaga benci na tarar da kwalbar ruwan nan, cike, an ɗaure bakinta da leda. Ina riƙe da ita sai na ga inuwa a ƙofa. 'Yar Laka ce, da kayan makaranta. Farcenta fes, babu laka ko kaɗan.

"Minti nawa ka yi kana cirewa?" ta ce.

Na so in ce ubanki ne ya sa ni. Na so in ce 'ya'yana huɗu. Duk gaskiya ne, kuma duk irin maganar gidansu ce, ta ji ta har ta ƙoshi.

"Ashirin," na ce.

"Ni kwana goma sha ɗaya na yi ina kallon ta tana shan leda. Ban ba ta ruwa ba, don kada Mama ta kore ni in kasa gamawa. Na ce mata ta yi haƙuri, Goggo na zuwa."

Na miƙa mata kwalbar, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Ta kalle ta, ba ta karɓa ba.

"Ka riƙe, Injiniya," ta ce, ta juya ta shiga gida.

Tun tana rarrafe Kawu take ce min. Daga ranar ba ta ƙara ba.